Ƙirya a Gamanar Hindu

Hindu ta durƙusa a gindin ƙiryar, ta sa hannu biyu tana tone rairayin da aka tara a wurin. Tun daga nesa abin bai kwanta mata ba. Iska ba ta tara ƙasa haka, a kewaye da itace daidai wa daida kamar an yi wa rogo huɗa. Da ta tona zurfin taƙi guda, sai yatsunta suka taɓa itace tsirara. An yanke ɓawon, faɗin tafin hannu, an bi gindin an zagaye shi kaf, sa'an nan aka mayar da rairayi aka rufe. Saran har ya yi baƙi. Ba aikin jiya ba ne, ba na shekaranjiya ba.

Ta zauna a kan dugaduganta, ta ɗaga kai sama. Bazara ta shigo, 'yan ƙirya huɗun da ke gefen gabas sun yi sabon toho shar da su, amma babbar ganyenta ya fito ƙanana, rabi kore rabi rawaya. Da ma ta lura da haka, ta ɗauka ƙarancin ruwan bara ne.

"Sama'ila! Aje gatarin nan ka zo ka gani."

Ɗanta yana can ƙarshen gonar yana sassabe. Ya iso yana share gumi da hularsa, ya duƙa, ya bi saran da ido har ya zagayo inda ya fara.

"Innalillahi. Inna, makiyaya ne. Tun bayan girbi Iliyasu ke zaune gonar nan da bisashensa."

"Iliyasu mi zai yi da gindi? Makiyayi sama yake kallo, ganye yake so da 'ya'ya. In icce ya mutu, raƙumansa su ci mi?"

"To, masu magani ke nan."

"Mai magani gabas yake sassaƙa, ya sassaƙi yamma, ya bar kudu da arewa icce ya sha ruwa. Ka taɓa ganin mai maganin da ya kewaye icce, kuma ya tsaya ya binne wurin?"

Sama'ila ya sake duban saran. Shi ma ya san dabarar, duk Garin Yusufu an san ta, faɗa ne kawai ba a yi. Doka ta hana saran ɗanyen itace, al'ada kuma tun kaka da kakanni ta ce busasshe na wanda ya riga isa ne. Saboda haka mai son gungume, in yana da haƙuri, ba ya sara. Yakan yanke wa itacen hanyar ruwa, ya koma gida ya jira. Ranar da ganye na ƙarshe ya faɗi, sai ya zo da amalanke tun kafin masu gona su fito, in an tare shi ya ce mushen itace ya tsinta.

Gonar gamanar Hindu ce, wato 'yar gonar da marigayi mijinta Mumuni ya yanka mata shekarar da ta tare. Lokacin babu itace ko ɗaya a cikinta, har kana iya hango mai tafiya daga garin gaba. A wancan zamanin itatuwa duk na gwamnati ne, kuma tun da na gwamnati ne, kowa na gaggawar sare nasa kafin wani ya riga shi. Daga baya mutanen furoje, ma'aikatan shirin dashen itatuwa, suka zo da motoci da 'yan itatuwa a leda, aka dasa, aka yi hoto, awaki suka cinye. Abin da ya rayu shi ne abin da ba a kawo a mota ba: tsofaffin kututture da ke ƙarƙashin ƙasa, masu fitar da toho kowace damina ana sarewa. Da aka ce wa manoma su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su bari, kuma abin da ya girma nasu ne, sai karkara ta koma kore ba tare da an shayar da komai ba. A cikin irin wannan kututturen Hindu ta zaɓi wani tsiro mai kaurin yatsa, ta yi masa aski, ta kewaye shi da ƙaya. Yau shekara talatin da wani abu ke nan. Tsiron nan shi ne babbar ƙiryar, mutum biyu sai sun haɗa hannu kafin su rungume ta.

Kuma ba don inuwa kaɗai take son ta ba. Da 'ya'yan ƙiryar nan take yin daddawar da aka san ta da ita har Mayahi. Kwasfar ta ba tumaki, ƙwayar ta dafa. Da ita ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita take sayen goro ba ta roƙi kowa ba.

"Bari in tahi wurin maigari," in ji Sama'ila. Yana cikin komitin tsaron itatuwa na garin, har da riga mai tambari. "A tara komiti yau ɗin nan."

"Ku taru ku yi mi? Ku mayar mata da ɓawo?"

"A nemo wanda ya yi, Inna. In aka bar shi, baɗi waɗancan huɗun zai bi."

Ta dubi ƙananan. Wannan maganar tasa gaskiya ce, ita ce ma abin da ya fi tsaya mata a rai. Babbar ta riga ta tafi, sai dai a yi maganar gungumen, ko ya zama nata ko na ɓarawo. Ƙananan kuwa yanzu suka fara 'ya'ya.

"Ka ci gaba da sassabenka," ta ce, tana miƙewa da dafa gwiwa. "Yau kasuwar Kanambakashe, Shef malamin daji yana can. Kada ka faɗa wa kowa sai na dawo."

Ta samu wuri a amalanken maƙwabta, tsakanin damin tabarmin kaba da wata akuya mai yawan magana, ƙwaryar daddawarta a cinya. Hanyar ta bi ta cikin gulbi, inda goruba ke tsaye rukuni-rukuni, mata na yankar kaba a ƙarƙashinsu. Sanyin safiya bai gama tashi ba. Matan da ke amalanken suna hirar wata amarya da ta zuba sukari a miya, Hindu ta yi dariya tare da su, ta kuma yi mamakin yadda dariyar ta fito mata ba wuya.

Kafin rana ta take, ta sayar da fiye da rabin daddawar. Ta bar sauran a hannun maƙwabciyarta, ta nufi gefen da ake sayar da itace. A can malamin daji yake zama ran kasuwa, a ƙarƙashin wani dogon yaro, babur ɗinsa jingine da gindin. Sunansa Abdurrahman, amma kowa Shef yake ce masa. Saurayi ne dogo, ɗan makiyayan wajen Isawane, ya yi karatunsa mai zurfi ya dawo yana jefa Faransanci a magana. Ya tashi ya ba ta bencin, shi ya tsuguna.

"Inna Hindu, lafiya kika baro daddawa kika zo wurin masu itace?"

Ta faɗa masa. Bai nuna mamaki ba, ya dai girgiza kai.

"An rufe da rairayi ko da kashin shanu?"

"Rairayi."

"Na wajen Tasawa da kashin shanu suke shafewa. Bon. Allah ya mayar miki da alheri, Inna. Na san iccen, na sha hutawa ƙarƙashinsa."

"Amin. Abin da ya kawo ni, ka ba ni izini in sare abuna tun yana hannuna."

"Da ganye a kanta?"

"Ganyen da ka san na ban kwana ne."

"Na sani. Amma ƙirya tana cikin itatuwan da aka kare, ba ni da ikon ba da izini a kan ɗanya. Kuma ki duba, Inna: in na ba ki yau, ran kasuwa mai zuwa mutum goma za su zo, kowa ya kewaye tasa da hannunsa, ya ce ɓarawo ne. In ta bushe ki aiko, in zo in gani da idona, in ba ki izini da sunanki. Wannan alkawari ne."

"In ta bushe, wa zai fara sani, ni ko wanda ya kashe ta?"

Shef ya yi murmushi, ya sosa ƙeya. "Shi."

"To, ka gani."

"Shi ya sa nake son suna. Ki ba ni suna, in karɓe gatarinsa da gizagonsa, a ci shi tara mai zafi. Sauran su ji tsoro."

"Tarar wa za a ba?"

"Ta gwamnati ce."

"Gwamnati ta yi asarar daddawa?"

Ya yi dariya har ya dafa ƙasa. "Inna, wallahi da ke aka rubuta dokar da ta fi haka. Amma ni abin da ke hannuna ke nan. Garuruwan da nake dubawa sun fi ƙarfin babur ɗaya. Ba zan yi miki ƙarya in ce zan tsare miki ita ba. Kina zargin wani?"

"Ban gani da idona ba."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Na ji abin da ka tambaya, ɗana. Bari in zaga kasuwa in yi tunani."

Ta bi ta layin masu goro, ta sayi na ɗari, ta tsaya ta gaisa da wata ƙawarta da aka yi wa aikin ido. Ba ta gaggawa. Masassaƙa uku ne a yankin nan da ke iya fitar da turmi daga gungume irin wannan. Ɗaya ya tsufa hannunsa na rawa, ɗaya ya tafi cin rani bai dawo ba. Na ukun Gado ne, ɗan gwaggonta, taubashinta, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun zagi juna ba. Sau biyu yana neman ta sayar masa da ƙiryar, sau biyu tana ce masa ya je ya sassaƙa kansa, ya fi kauri.

Ta same shi a rumfarsa a ƙarshen layin, kewaye da turame da akusa da kujerun mata. Gajere ne mai faɗin ƙirji, gemunsa ya yi fari. Bai gan ta ba, hankalinsa na kan wata mata, Zulaihatu mai abinci, wadda ke ƙwanƙwasa wani turmi da bayan yatsa tana taɓe baki.

"Gado, wanga ai ganga ne ba turmi ba. Wanda na saya wurinka bara ya tsage tun kafin azumi."

"Hajiya, iccen yanzu ke nan, duk ɓawon gyaɗa. Amma ki yi mini haƙuri zuwa kaka. Zan kawo miki na ƙirya, babba, irin na da. Ki daka, ɗiyarki ta daka, jikanyarki ta gada."

"Ƙirya? Ina ka ga ƙirya a zamanin nan?"

"Ke dai ki ce kina so. Manya huɗu ne kawai, biyu an riga an kama."

"Huɗu ne ashe," in ji Hindu daga bayansa. "Ni ban taɓa aunawa ba."

Gado ya juyo. Bakinsa ya buɗe don zagin da ya saba, amma zagin bai fito ba. Zulaihatu ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce tana da tukunya a wuta, ta wuce.

"Uwar daddawa," ya ce daga ƙarshe. "Tun daga nesa na ji wari, na ce ko mushe ne."

"Mushen yana gamanata, a tsaye. Ba ni kujera, gwanin ɓarna."

Ya jawo mata wadda ta fi kyau, ya share ta da hannun riga. Ta zauna, ta fasa goro, ta miƙa masa rabi. Ya karɓa, bai kai baki ba.

"Wa ya ce ni ne?"

"Ba wanda ya ce. Ka rantse mini ba kai ba ne, in tashi in tahi."

Ya dubi goron da ke hannunsa. Gado zai iya yi wa mai saye ƙarya tun daga safe har yamma a kan ingancin akushi, amma rantsuwa ba ya wasa da ita.

"Hindu, tun muna yara nake ɗauke miki abu. Ba ki taɓa kai ni ƙara ba. Tsakanin taubasai babu sata."

"Gorubata ka ɗauke, da ɗankwalina ran salla. Na yi kuka, gwaggo ta zane ka, ka mayar. Abin wasa ana mayar da shi, Gado. Mayar mini da ɓawon."

Hayaniyar kasuwa ta ci gaba a kewayensu, wani yana tallar maganin ɓera da lasifika. Gado ya zauna a kan wani turmin da ya kife.

"Sau biyu na roƙe ki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kin san rabona da in sa gizago a ƙirya? Dubi abin da nake sassaƙawa. Mata na zagina a kasuwa, ni da ubana ya yi wa matan sarki turmi. Kuma bari in faɗa miki abin da ba ki so ki ji. Iccen nan ya kai. Akwai rami a ƙarƙashin babban reshen yamma, ruwa na kwanciya ciki. Shekara biyar, shida, cikinta ya zama kogo, ba turmi ba kujera, sai dai macizai su gode miki. Kun iya rainon icce, ku mutanen komiti, amma ba ku san ranar da ya kamata a sauke shi ba."

Hindu ta tauna goronta. Ta san ramin. Ta ga zuma na shiga da fita a wurin tun shekara biyu da suka wuce, ta kawar da kai. Ba ta da niyyar gaya masa haka, ko yau ko gobe.

"Ko da kogo ne, kogona ne," ta ce. "Shekara biyar ɗin nan da kake rainawa, daddawa ce buhu-buhu. Ni na raine ta tun tana kamar yatsan nan. Da ta kai, ni ya kamata in ce ta kai."

Gado ya sunkuyar da kai, kuma wannan karon ba don dabara ba.

"Na yi laifi," ya ce.

"Ka yi. Shef yana can ƙarƙashin dogon yaro, ya tambaye ni suna. Na ce zan yi tunani."

"Zai karɓe mini kayan aiki."

"Har da tara."

"Hindu, gizagon ubana ne."

"Na san shi. Da shi babanka ya sassaƙa mini turmin aurena." Ta gyara zama. "Na yi tunanin a hanya. In na ba da sunanka, gwamnati ta samu tara, kai ka samu kunya, ni in samu gaba da gidan gwaggo. Ƙirya kuma ta bushe, wani ya zo da amalanke ya kwashe. Duk cikinmu ba wanda ya ci riba sai wanda bai yi wahalar komai ba. To, saurara. Daga yau har ta bushe, kai ne mai tsaronta. Ko reshe ɗaya ya ɓata, wurin Shef zan tahi."

"In wani ya sata fa?"

"Sunanka zan faɗa."

"Wannan zalunci ne!"

"Ƙwarai. In ta bushe, Shef ya zo ya gani, ya ba da izini da sunana. Ka sare ta da rana tsaka, kowa na kallo. Ka bar mini kututture taƙi guda, saran a karkace kada ruwa ya kwanta, don saiwar na da rai. Manya huɗu ka ce. Uku nawa, ɗaya naka."

Gado ya miƙe tsaye, kunyar ta tafi, ɗan kasuwa ya dawo. "Uku? Kin san wahalar ƙirya? Ƙarfe ce! Sai na kai gizago maƙera sau nawa kafin in huda ɗaya? Raba daidai, tsohuwa, ki ji tsoron Allah."

"Yau kai ke tuna mini da tsoron Allah?"

"Na riga na yi wa mutum biyu alkawari."

"Sai ka aiko su wurina, ni ke da kaya."

Suka ja, suka ja, har masu rumfunan kusa suka fara leƙowa suna dariya, a zatonsu faɗan taubasai ne na kullum. Ya ce akwai ƙaramin turmi na biyar a wuyan itacen, na dakan yaji, ta ce ya riƙe shi sadaka. Taɓaren da za su fita a manyan rassa aka yarda a raba biyu. Ragowar kuma na gawayin maƙera nata ne, ya ce ta haɗa da ganyen ta yi miya.

"Saura ƙananan," ta ce.

"Su kuma mi na yi musu?"

"Ba ka yi ba tukuna. Su ma suna wuyanka. In sun kai, kai za ka faɗa mini sun kai, ni in yarda ko in ƙi. In na yarda, ba mai sa musu gizago sai gidanka."

Ya tsaya yana kallonta. "Shekara ashirin fa ke nan, Hindu. Ni da ke wa zai gani?"

"Kana da ɗa mai koyon sassaƙa, ina da Sama'ila. Su yi faɗan a madadinmu."

Gado ya jefa goron a baki, ya tauna a hankali. Ta ga idonsa ya tafi wani wuri, ta san lissafin kaurin itace yake yi, ba na shekaru ba.

Ya saya mata dambun zogale da fura, wai don kada ta faɗi a hanya a ce shi ya kashe ta ita ma. Suka ci a rumfar, yana ba ta labarin wani mai saye da ya shiga cikin turmi don ya gwada zurfinsa aka rasa yadda za a fito da shi. Da la'asar ta yi ya ɗora kayansa a amalanke, ta hau gaba kusa da shi. Sai da suka bi ta gaban dogon yaron. Shef ya ɗaga kai, ya dube ta, ya dubi Gado wanda ya ga wani abin sha'awa a kunnen jakinsa.

"Inna, kin gama tunanin?"

"Na gama. In ta bushe zan aiko."

"Suna fa?"

"Ban gani da idona ba, ɗana."

Shef ya jima yana kallonsu. "Bon. Malam Gado, ranar da zan zo dubawa, ina so in samu kowane reshe a wurinsa."

"In sha Allahu, Shef," in ji Gado, da ladabin da Hindu ba ta taɓa jin ya yi wa kowa ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka iso gamanar. Sama'ila yana nan yana tara sassaben da ya yi, amma ba shi kaɗai ba ne. Wani mutum yana tsaye a gindin ƙiryar, jakinsa ɗaure a gefe, gatari a kafaɗa. Bube ne mai gawayi, daga garin gaba. Yana shafa jikin itacen, yana leƙen ramin da Hindu ta tona da safe.

"Sannu Inna," ya ce. "Wucewa nake yi, na ga kamar iccen nan ba shi da lafiya. Na ce bari in duba, abin tausayi."

Kafin Hindu ta amsa, Gado ya diro daga amalanken kamar saurayi.

"Ka duba mi? Kai likita ne? Ɗauke hannunka daga jikinta!"

"A'a, Gado, mi ya yi zafi? Kallo kawai..."

"Kallo da gatari? Na san kallonku! Ku ne kuka cinye dajin nan kaf, kuka mayar da shi toka a buhu. Icce mai ganye a kansa, a gonar mutane, tsohuwa ta raine shi shekara talatin! Ba ku tsoron doka, ba ku tsoron Allah. In na sake ganin sawun jakin nan a nan, wallahi da kaina zan kai ka wurin Shef!"

Bube ya kwance jakinsa yana gunaguni, ya kama hanya, yana waiwaye. Gado ya raka shi da faɗa har bakin gona, sa'an nan ya dawo yana huci, ya zarce wurin ƙananan ƙiryar. Ya zagaya ta farko, ya zagaya ta biyu, ya tsaya a ta ukun ya riƙe ƙugu.

"Wa ya yi wa wagga aski? An bar ta ta rabu biyu tun daga ƙasa! Ina turmi zai fita a nan? Sama'ila, miƙo gatarin nan. A'a, bari, hannunka nauyi gare shi, da wuƙa zan bi ta."

Sama'ila ya matso kusa da uwarsa, wadda ta zauna a inuwar da ta rage tana kwance bakin zanenta don ta ciro sauran goron.

"Inna, kin gano wanda ya yi?"

"Na samo wanda zai tsare."

Ya dubi Gado, ya dube ta.

"To, komiti fa? Mi zan ce musu?"

"Ka ce musu kawunka Gado yana son shiga. Ku ba shi riga."

Daga can gefen gabas muryar Gado ta taso, yana tambaya ko a garin nan ba a san ƙayar magarya ba ne, da za a bar dukiya haka a fili ba shinge.

"Tashi ka saro masa," in ji Hindu. "Mai yawa. Ka ga mutumin yana da aiki."